Khal ɗin Modena: wanne za ka saya cikin kwalaben nan masu kama da juna?

A manyan kantuna za ka tarar da kwalabe baƙaƙe jere, duk an rubuta musu balsamico, wato baƙin khal ɗin Italiya, amma wata Yuro 3, wata kuma ta haura Yuro 50 alhali ba ta kai rabin ƙaramar kwalbar lemo ba. Abin da ke ciki ne ya bambanta su, kuma haruffa uku na jikin kwalbar ke faɗa maka: DOP ko IGP, tambura biyu na Tarayyar Turai masu shaida asalin kaya.

Mai DOP shi ne na gado, Aceto Balsamico Tradizionale, na Modena da maƙwabciyarta Reggio Emilia a arewacin Italiya. Ruwan inabi zalla ake dafawa, galibi na nau'in Trebbiano da Lambrusco, ba a ƙara masa komai. Daga nan sai a zuba shi cikin jerin gangunan katako, daga babba zuwa ƙarami, kowace da irin itacenta, a ajiye a ɗakin ƙarƙashin rufi inda zafin bazara ke ƙafar da shi, sanyin hunturu kuma ya kwantar da shi. Kowace shekara ana ɗibar kaɗan daga ƙaramar ganga, a cike gurbin daga wadda ta fi ta girma, haka har zuwa babbar. Sai ya shekara 12 kafin ya cancanci sunan, 25 kuma kafin a rubuta masa extravecchio, wato mai tsufa sosai, sannan masu ɗanɗano su amince. A da, iyalai kan kafa wa ɗiyarsu jerin ganguna tun tana jaririya, ta tafi da su gidan miji cikin kayan aurenta. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka darajarsa a wurinsu.

Gane shi ba wuya. Na Modena kwalba ɗaya tak doka ta yarda masa, mai cin mililita 100, mai zagayayyen ciki da gindi mai kusurwa, wadda Giorgetto Giugiaro mai zanen motoci ya tsara. In ka karkata ta, ruwan yana gangarowa a hankali kamar zuma. Ɗigo-ɗigo ake sa shi a kan cukun Parmigiano ko gasasshen nama bayan an sauke. Kada ya ga wuta, ƙamshin zai tashi.

Mai IGP kuwa, wanda Tarayyar Turai ta yi wa rajista a 2009, haɗi ne: ruwan inabi da khal ɗin inabi, kuma an yarda a sa ƙonannen sukari har kashi 2 cikin 100 don launi. Kwana 60 a ganga sun wadatar, sai dai in an rubuta invecchiato, wato ya shekara 3. A nan ne ake buƙatar ido, domin mai kyau da na banza duk tambarinsu ɗaya. Juya kwalbar ka karanta kayan haɗi. In mosto cotto, wato dafaffen ruwan inabi, ne a farko, ruwan inabi ya fi yawa, zai yi kauri da zaƙi. In aceto di vino, wato khal ɗin inabi, ne a gaba kuma ga caramello, wato ƙonannen sukari, tsami ne kawai mai baƙin launi.

Masu suna glassa ko crema, yawanci sitaci da sukari ne suka ba su kauri, ba shekaru ba.

Ni dai shawarata, mai girkin yau da kullum, kwaɗon latas ko jiƙa nama, ya ɗauki IGP invecchiato marar caramello. Zuba na shekara 12 a cikin kwaɗo asara ce. A bar shi sai ranar da aka yi baƙi na musamman.