Hattara da masu "gwajin kwamfuta" na ciwon baya

Jama'a, duk wanda yake da mai fama da ciwon baya a gida, don Allah ya tsaya ya karanta.

Yayana tela ne, ya fi shekara ashirin a duƙe kan keken ɗinki, kuma ciwon ƙugu ya daɗe yana cin sa. Wata uku da suka wuce wasu mutane suka kafa rumfa a bakin kasuwar unguwarmu, ga lasifika, ga farar riga irin ta likitoci, suna shela wai sun zo da na'ura mai gano cuta daga kai har ƙafa ba tare da an ɗebi jini ba. Gwaji naira dubu biyu. Yaya ya je.

Na'urar wata 'yar akwati ce da aka jona da kwamfuta, sunanta Quantum Analyzer, da wani guntun ƙarfe da ake ba ka ka damƙe a tafin hannu. Kafin a fara sai a shigar da shekarunka, tsayinka da nauyinka. Minti ɗaya, sakamako ya fito shafi-shafi, ja da kore. Aka ce masa: "Alhaji, ƙashin bayanka ya goce, guringuntsi ya cinye. In ka yi wasa, nan da shekara sai an ɗauke ka." Hankalinsa ya tashi. Nan take suka haɗa masa ƙwayoyi a farar roba marar rubutu, da garin shayi, da bel mai maganaɗisu, duka dubu arba'in da biyar. Kuɗin ɗinkin Sallar mutane ya taɓa ya biya.

Ni dai abin bai kwanta mini ba. Washegari na je na biya nawa. Da mai gwajin ya juya karɓar kuɗin wata baiwar Allah, sai na naɗe ƙarfen da jiƙaƙƙen hankici na ajiye a kan benci. Wallahi sakamako ya fito tsaf: hankicina yana da ƙarancin sinadarin ƙashi, hantarsa ma ta fara gajiya. Danshi kawai ƙarfen yake ji ya kunna, sauran kuma kwamfuta ce ke zubo abin da aka riga aka tsara mata. Babu yadda za a yi ƙarfe a tafin hannu ya ga ƙashin baya. Likita ne ke dubawa da hannunsa, in da buƙata ya tura ka hoton ƙashi ko MRI, wato hoton cikin jiki da na'urar asibiti ke ɗauka.

Asarar kuɗin ma da sauƙi. Ƙwayoyin ne suka fi ba ni tsoro. Kwana uku da fara sha ciwo ya ɗauke cak, Yaya har yana yi mini tsiya wai boko ya hana ni yarda da komai. Bayan sati shida fuskarsa ta kumbura ta yi zagaye, ci ya ƙaru, barci ya ƙaurace, ga yawan fitsari. A asibiti aka tarar suga ya hau, likita ya ce alamun duk na mai shan sitiroyid ne, irin su dexamethasone. Maganin yana danne ciwo da sauri, shi ya sa mayaudara ke son sa, amma in aka daɗe a kansa yana tayar da suga da hawan jini, kuma yana rage ƙarfin ƙashin da ake cewa ana gyarawa. Wanda ya riga ya jima yana sha kada ya yanke rana ɗaya, yin haka ma haɗari ne. Likita ke rage shi a hankali.

Bel ɗin kuwa, ko a cikin shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disambar 2023 kan daɗaɗɗen ciwon baya, ta ce kada a dogara da ɗaura bel. Abin da ta ƙarfafa shi ne motsa jiki, tausa, da fahimtar ciwon kansa. A ƙididdigarta mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a 2020, kuma kusan tara cikin goma ba a samun wata takamaimiyar cuta da ta jawo shi. To ina ga wanda zai ba ka amsa cikin minti ɗaya?

Sai dai akwai ciwon bayan da ba a jira da shi. In ya zo da zazzaɓi, gumin dare da rama, zai iya zama tarin fuka ne ya kama ƙashin baya, kuma maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati. In ƙafa ta fara mutuwa, ko tsakanin cinyoyi ya daina ji, ko fitsari da bayan gida suna kubcewa, a ranar za a tafi asibiti. Na Kano da kewaye ga Asibitin Ƙashi na Dala. Duk satin da aka ɓata ana shan shayin rumfa, jijiya ce ke ƙara lalacewa.

Yaya yanzu da sauƙi, alhamdulillahi. Sashen gashin ƙashi sun koya masa atisaye, yana tashi daga kan keke duk rabin awa, yana ɗan tattaki bayan Asuba. Rumfar ta tashi tun kafin fuskar tasa ta saɓe, lambar da suka bayar a kashe take. Makon jiya wani maƙwabcinmu ya gan su a wata kasuwar ƙauye, da akwatin nan dai, sun canza suna a jikin ƙyallen tallarsu.