Na kai 2:2 ɗina wajen masu taya neman Chevening, ga yadda muka kwashe

Jama'a masu tambaya ta ko wannan ofishin na nan Kano da ke taya mutane cike fom ɗin sikolashif irin su Chevening (tallafin gwamnatin Birtaniya na karatun digiri na biyu a can) ya cancanci kuɗinsa, to amsata ita ce eh, amma ba don abin da suke tallatawa ba.

Ni dai da 2:2 (wato second class lower) na fita digiri, shekarar ƙarshe mahaifina na kwance ni ke jinya, sakamako ya sauka, tun daga nan na cire rai da karatun waje. Ranar farko na miƙa wa malamin ofishin takarduna ina jin kunya wallahi, ya duba ya ce "Malama, kin yi aiki shekara biyu?" Na ce huɗu ma, a asibitin ƙauye. Nan ya zaunar da ni ya warware min cewa Chevening sun fi kallon aikin da mutum ya yi, awa 2,800 suke so, da rubutun nan huɗu kan shugabanci da hulɗa da mutane da dalilin zaɓen kwas da shirinka in ka dawo gida, don dole ka dawo ka yi shekara biyu. Inda 2:2 ke cizo shi ne jami'a, sai ɗaya cikin kwas ukun da ka zaɓa ta ɗauke ka ba sharaɗi, kuma da yawa 2:1 (matakin da ke sama da 2:2) suke nema. Mun kwashe kwana biyu muna tace jami'o'in Ingila masu karɓar 2:2 in akwai gogewar aiki, har da masu amsar Turancin WAEC ba sai jarrabawar Turanci ta IELTS ba. Wannan kaɗai ya biya ni.

Inda raina ya ɓaci, wani yaronsa ya turo min rubutu shiryayye ta WhatsApp wai in canza suna kawai in ƙara kuɗi. Haba! Ana duba satar rubutu fa, kuma ranar intabiyu me zan ce kan labarin da ba nawa ba? Na ƙi. Na rubuta yadda na shawo kan ungozomomi suka fara turo mata awo, malamin ya maido min sau biyar da jan biro.

Ga jira kuma, a ce ƙarfe goma sai azahar. Fom ɗin kansa kyauta ne, kar wanda ya karɓi kuɗinku da sunan rajista. Na tura nawa, yanzu addu'arku nake nema.