Hattara da masu sayar da sarautar Lord ta Ingila a intanet

Jama'a, da ɓacin rai nake wannan rubutu. Makon jiya wani ɗan'uwana, ɗan kasuwa mai rufin asiri, ya turo mini hoton wata takarda mai jan hatimi da zanen zaki, yana murna wai ya zama Lord a Ingila. A Facebook ya ga tallar, ya tura kuɗin guminsa, aka aiko masa da takardar. Sun ce za a sa masa sunan a fasfo, biza kuma za ta zo masa cikin sauƙi. Na ce ya tambaye su daga hannun wa sarautar ta fito. Tun ranar ba su sake amsa saƙonsa ba.

Abin da ya sa wannan damfara ke cin mutane shi ne akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. A zamanin da, ƙasar Ingila a rarrabe take gandu gandu, kowane da ubangidansa, wanda suke kira Lord of the Manor. Littafin Domesday na shekarar 1086 ya lissafa dubbansu. Uban gandu yana da kotunsa: a nan ake sasanta rikicin gona da makiyaya, a ci tarar mai ƙaramin laifi, har nauyin burodin da ake sayarwa ana dubawa. Wannan muƙami dukiya ce a idon doka, ana gadonsa, ana kuma sayar da shi daban da ƙasar. A 1996 Earl Spencer, ƙanin marigayiya Gimbiya Diana, ya sayar da na Wimbledon a kan fam 171,000, ɗan dambe Chris Eubank kuma ya sayi na Brighton.

To amma me ya rage na ikon? Kaɗan ne ƙwarai. Dokar da ta fara aiki a 1926 ta 'yantar da gonakin talakawan gandu daga hannun iyayen gidansu. Wata dokar ta 1977 ta ƙwace ikon shari'a daga kusan dukkan kotunan nan, in ban da 'yan tsiraru irin ta ƙauyen Laxton, inda har yau take zama kan sha'anin gonakin da ake nomawa a tsarin gargajiya. Wasu gandayen suna riƙe da haƙƙin ma'adinan ƙarƙashin ƙasa, ko farauta da kamun kifi, ko cin kasuwa, amma sai in takardun sun faɗi haka ƙarara, kuma tun Oktoban 2013 wanda bai yi wa haƙƙinsa rajista ba yana iya rasa shi da zarar an sayar da filin.

Ko na gasken ka saya, ba ka zama ɗan majalisar dattawan Birtaniya ba. Sayar da irin waccan sarauta laifi ne tun 1925. Muƙamin uban gandu kuwa ba ya ba ka biza, ba ya ba ka izinin zama. A fasfon Birtaniya ma ba a sa Lord gaban sunanka, iyaka a rubuta a wani shafi cewa mai fasfon nan shi ke riƙe da gandu kaza.

Ga inda ƙaryarsu ke fitowa fili. Tun 1290, zamanin Sarki Edward na Ɗaya, doka ta toshe hanyar da talaka ko attajiri zai ƙirƙiri sabon gandu. Duk wanda ya ce zai yanka maka sabo, maƙaryaci ne. Wasu kuma cewa suke sun farfaɗo da wanda ya ɓace saboda ba a ga mai shi ba. Rashin ganin mai akuya ba ya mayar da ita taka. Akwai kuma masu sayar da fili mai faɗin tafin ƙafa a Sukotilan su ce ka zama Laird, wato ubangidan ƙasa a can. Dokar can ba ta yi wa irin wannan ɗan fili rajista, kotun Lord Lyon mai kula da tambarin sarauta kuma ta ce mallakarsa ba ta isa ta sa ta ba ka tambari ba.

Mu mutane ne masu girmama sarauta, mun san rawani ba a aiko shi ta gidan waya. Wannan girmamawar suke ɗana mana tarko da ita, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

In har ka nace sai ka saya, kada ka tura ko sisi sai lauyanka na Ingila, wanda kai ka ɗauka ba su suka ba ka ba, ya ga jerin takardun ciniki da gado daga hannu zuwa hannu har zuwa kan mai sayarwa. Rajistar takardun gandaye da ke ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a unguwar Kew ta Landan za ta nuna maka ko gandun ya taɓa wanzuwa, amma ba ta faɗin mai shi a yau. Ofishin rajistar filaye kuma ya daina karɓar sabuwar rajistar wannan muƙami tun Oktoban 2003, don haka in sun yi maka alkawarin rajista a can, ka tashi ka bar wurin.

Ɗan'uwana dai ya kai ƙorafi bankinsa, muna jiran abin da za su ce.