GARGAƊI: saƙon "akwatinka ya cika kashi 99" damfara ce, kuma goge shi ba ya maganin komai

Jama'a, wannan saƙon da ke yawo yana cewa akwatin imel ɗinka ya cika kashi 99 cikin ɗari, wai in ba ka tabbatar da kanka cikin awa 24 ba za a daina karɓar maka saƙo, ƙarya ce tsagwaronta. 'Yan damfara ne. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda suka iya zaɓen lambar. Ba su ce ya cika ɗari bisa ɗari ba, don sai ka ce ai yanzun nan saƙo ya shigo mini. Kashi 99 suka ce. Saura ƙiris. Su bar ka da fargaba da awa 24.

Ga yadda abin ke faruwa. Kana tsakiyar aiki, kana jiran wata amsa mai muhimmanci, sai ga shi ya faɗo. Akwai ɗan jan layi da ya kusa kai wa ƙarshe, ƙarƙashinsa maɓalli shuɗi. Ka danna. Shafi ya buɗe sak irin wanda ka saba gani, har adireshinka an riga an rubuta maka a gurbinsa, kalmar sirri kawai ake jira. Ka sa. Sai wayarka ta yi ƙara, lamba shida ta shigo, kuma daga kamfanin imel ɗinka na gaskiya ta fito. To nan ne wurin. Nan ne zuciya ke kwanciya. Wa zai yi shakka bayan lambar gaskiya ta zo daga inda ta saba zuwa? Ka kwafe lamba shidan nan ka zuba musu da hannunka.

Lambar ta gaskiya ce saboda shafin bogin ɗan tsakiya ne. Kana buga kalmar sirri yana miƙa ta ga shafin asali a daidai wannan lokacin, shafin asali ya turo maka lamba, ka mayar wa ɗan tsakiya, shi kuma ya shige ya riƙe zaman da aka buɗe da sunanka. Duka ba ya cin minti ɗaya. Saboda haka kar wani ya zo yana cewa sakarci ne ko rashin wayewa. Shekara da shekaru ana faɗa wa mutane su kunna tabbatarwa mai mataki biyu, suka kunna, suka yi abin da aka ce. Ba wanda ya zaunar da su ya ce lambar ma ana iya karɓe ta a hannunsu. Da kunya a faɗa, amma har masu aikin kwamfuta wannan tarkon yana kamawa, musamman a waya inda burauza ke gutsure adireshin shafi ka ga rabinsa kawai.

Af, na tsallake wani abu. Tun kafin dannawar, sunan mai aikowa. Zai ce "Sashen Kula da Imel" ko makamancin haka, kuma wannan sunan kowa na iya rubuta abin da ya ga dama a wurin. Taɓa sunan ka ga adireshin da ke ɓoye a bayansa. Haka shi ma adireshin shafin, daga dama ake karanta shi: duba abin da ke daf da sandar / ta farko. In ka ga sunan kamfaninka a farko sannan wani baƙon suna ya biyo baya kafin sandar, baƙon sunan ne mai gidan, na farkon ado ne. A Gmail ta kwamfuta, ɗigo ukun da ke gefen saƙo akwai Show original, zai nuna maka sakamakon SPF da DKIM da DMARC, wato gwaje-gwajen tabbatar da inda saƙo ya fito. Amma kar ganin PASS ya ruɗe ka. Ma'anarsa kawai saƙon ya fito daga yankin (sunan da ke bayan alamar @) da ya ce ya fito, kuma ɓarawo ma yana iya sayen nasa yankin ya saita komai daidai. 

Da sun shiga ba sa hayaniya. Ba lallai su canza kalmar sirri ba, don kar ka farga. Saituna suke nufa: su kunna tura kwafin duk saƙon da ya shigo zuwa nasu adireshin, su ƙirƙiri mataci da ke ɓoye ko goge duk saƙon da ke ɗauke da kalmomi irin su biya, rasit, banki, tsaro. Sai su bi tsofaffin hirarrakinka su nemo wanda ke shirin biyan ka kuɗi, su amsa masa daga cikin akwatinka, a kan zaren hirar da kuka saba, wai an canza lambar asusu. Shi ma ya yarda, don me zai ƙi? Adireshinka ne. Duk wannan daga lamba shida. Lamba shida da kashi 99 ɗin da bai taɓa wanzuwa ba. Asusun Google na kyauta gigabait 15 ne, ana raba shi tsakanin Gmail da Drive da Photos, kuma adadin da ka cinye yana nan rubuce a ƙasan akwatinka. Kallo ɗaya ya isa. Amma wa ke tuna ƙasan shafi an ce masa saura awa 24?

Sai mutum ya gane, ya ji haushi, ya goge saƙon. Gogewar nan ba ta koya wa matacin saƙon banza komai ba, gobe irinsa zai faɗa akwatin wani lafiya lau. Toshe mai aikowa ma kusan aikin banza ne, adireshi suke canzawa kamar riga. Shi kuwa rubutun cire rajista da ke ƙasan saƙon, danna shi tamkar ka ce musu ina nan da raina ne. Rahoto ake kai wa, kuma maɓallan biyu ne. A Gmail, Report spam na tarkacen talla ne, Report phishing kuma na mai neman sace kalmar sirri, yana cikin ɗigo ukun nan na gefen saƙo idan ka buɗe ta kwamfuta. Outlook na intanet ma yana da Report mai zaɓi biyun. Wannan saƙon na biyun ya dace da shi. In za ka tura wa mai kula da imel na wurin aikinku, tura shi a matsayin abin maƙalawa, domin turawa ta yau da kullum tana zubar da bayanan kan saƙon da ke nuna sabar da ya biyo.

Yanzu ku masu kula da sabar imel, da ku nake, kuma raina a ɓace yake. Kun ɗora wa mutane Roundcube, manhajar karanta imel ta burauza, kun sa markasjunk cikin jerin plugins a config.inc.php, maɓallin Junk ya fito, kun kaɗe hannu. Wannan maɓallin in ba a saita masa markasjunk_learning_driver ba, kwashe saƙo kawai yake yi ya kai foldar Junk. Mutane na ta dannawa suna zaton rahoto suke kai wa, alhali ba inda yake zuwa. A kwafi config.inc.php.dist na cikin foldar markasjunk a cire masa .dist, a zaɓi cmd_learn, a ba markasjunk_spam_cmd umarnin sa-learn --spam (sa-learn ne ke koya wa matacin SpamAssassin) tare da %f, wato fayil ɗin saƙon, a ba markasjunk_ham_cmd na --ham, wato na saƙon kirki. Ko a zaɓi email_learn ya riƙa tura saƙon zuwa wani akwati da kuka ware, a bar shi a matsayin abin maƙalawa.

Inda ake faɗuwa: umarnin yana gudana ne da sunan mai amfani na sabar yanar gizo, www-data a Debian da Ubuntu, sai ya yi ta horar da rumbun Bayes (inda matacin ke ajiye abin da ya koya) na www-data, wanda SpamAssassin ɗin da ke tace wasiƙu bai taɓa leƙawa ba. A haɗa su kan bayes_path ɗaya ko rumbun SQL ɗaya, a gyara izinin fayil. In an rufe gudanar da umarni a PHP, umarnin ba zai gudana ba, sai ka kunna markasjunk_debug ka karanta abin da ya rubuta. Danna maɓallin a kan saƙo ɗaya, ka buga sa-learn --dump magic da sunan mai amfanin da matacin ke aiki da shi, ka ga ko nspam, wato adadin saƙon banzan da ya koya, ya ƙaru da ɗaya. In bai motsa ba, ba ka yi komai ba. Kuma Bayes ba ya fara yanke hukunci sai ya koyi saƙon banza 200 da na kirki 200, don haka wanda ya saita --spam kaɗai ya manta --ham zai shekara yana jira. Masu karanta imel ta manhajar waya kuwa ba sa ganin maɓallin sam, ja kawai suke yi zuwa Junk, su sai IMAPSieve na Dovecot, manhajar da ke riƙe akwatunan imel a saba, ya kama motsin ya miƙa wa sa-learn.

In ka riga ka ba da lamba shidan: buga adireshin shafin da hannunka, canza kalmar sirri, fitar da duk na'urorin da ke ciki. Duba turawa da matata ɗaya bayan ɗaya, canza kalmar sirri ba ya goge su. Duba lambar waya da imel na maido da asusu. Kira duk wanda kuɗi ke tsakaninku, a waya, ba ta imel ɗin ba. In asusun yana karɓar passkey (shiga da makullin da ke ajiye a na'urarka maimakon kalmar sirri) ko makullin tsaro na USB, koma kansa, shi ba ya amsa wa shafin bogi.