Darasin lissafi na yamma a Yelwa, Garwa: abin da ɗalibin ajin ƙarshe zai samu

A unguwar Yelwa ta Garwa, a ƙasar Kamaru, akwai wani malami da yake karɓar ɗaliban ajin ƙarshe na sashen lissafi bayan la'asar, domin shirya su ga jarrabawar bakaloriya, wato ta kammala sakandare. Ƙanena yana cikinsu, kuma na zauna a darasinsa na ilimin lambobi, wanda shi ne fannin da ɗalibai suka fi kuka da shi.

Abin da ya bambanta wannan malami shi ne ba ya barin yaro ya taɓa na'urar lissafi sai ya warware lamba da hannunsa. Ya rubuta 720720 a allo, ya ce a faɗa masa halinta. Wata ɗaliba ta lura cewa 720 ne aka rubuta sau biyu, saboda haka lambar ita ce 720 sau 1001, shi kuma 1001 ya fito ne daga 7 sau 11 sau 13. Da aka farfasa 720, sai aka sami 2 guda huɗu, 3 guda biyu, da 5 guda ɗaya. Daga nan ya nuna musu yadda ake ƙara 1 a kan yawan fitowar kowace lamba ta asali (wato wadda 1 da ita kanta ne kawai suke raba ta, kamar 2, 3, 5, 7, 11 da 13), a ninka sakamakon, a gano cewa lambobi 240 ne suke raba 720720 ba tare da saura ba. Ita ce kuma mafi ƙanƙantar lambar da kowace lamba daga 1 zuwa 16 take rabawa daidai, kuma babu wata lamba a ƙasa da ita da ta kai ta yawan masu rabawa, irin lambobin da Ramanujan, masanin lissafi na Indiya, ya yi nazarinsu a 1915.

Ya kuma sa su tara masu raba ta ban da ita kanta, jimillar ta kai 2529072, fiye da ninkinta uku, sannan ya ajiye ta kusa da 28 da 496, waɗanda jimillar masu raba su take komawa daidai kansu. A ganina nan ne darajar darasin take, domin yaro yana ganin dalilin da ya sa ake rarraba lambobi gida-gida, ba haddar suna kawai yake yi ba.

Ɗakin ya yi wa ɗaliban kaɗan, kuma a zafin watan Afrilu na Garwa zaman yana da wuya. Malamin yana da sauri, yana bayani da Faransanci, sai wani ya ce "Malam, a maimaita" kafin ya sauko da Hausa ko Fulatanci. Wanda rabawa da ninkawa ba su zauna masa ba zai sha wahala a makonnin farko, don haka ya kamata iyaye su fara gyara wannan a gida kafin su kawo shi.