Wasan sanɗa na zamanin da: wanne za ka saya, kuma wa zai cuce ka

Tun da aka ga ina zama da yara a gidan gem na unguwarmu ta wajen Ƙofar Kaura, kusan kullum sai an tare ni da tambaya guda: idan mutum ya gaji da ƙwallo, yana son wasa mai labari, na zamanin takobi da dawaki, wanda ake laɓewa a bi abokin gaba da sanɗa, wanne zai saya? Guda huɗu ne ke yawo a bakin mutane: A Plague Tale: Innocence, Assassin's Creed Mirage, Ghost of Tsushima da Kingdom Come: Deliverance. Duk na taɓa su, kuma ba zan ɓoye ba, na farkon ne nawa.

Kamfanin Asobo da ke Bordeaux a Faransa ne ya yi shi, ya fito a watan Mayun 2019 a kan na'urorin PlayStation 4 (PS4) da Xbox One, da kwamfuta. Labarin a shekarar 1348 yake, a kudu maso yammacin Faransa, lokacin da masifu biyu suka haɗe wa mutane: yaƙin nan da ake kira na shekara ɗari tsakanin Ingila da Faransa, da kuma baƙar annobar da ta shiga Turai a 1347 ta share garuruwa. Kai ne Amicia, yarinya 'yar shekara 15. Sojojin kotun coci sun afka gidansu sun kashe mahaifinta, ta tsere da ƙanenta Hugo, ɗan shekara 5, mai wata cuta a jini wadda saboda ita ake farautarsa. Makaminta majajjawa ce kawai da duwatsu, irin wadda yara ke korar tsuntsu da ita a gonar gero. Idan soja ya cim mata, sara ɗaya ya gama. Dole ka koyi haƙuri: ka tsuguna cikin dogayen ciyayi, ka jefa dutse kan tarin ƙarfe don mai gadi ya waiwaya, ka fasa tukunya can nesa, ka ja hannun yaron ku wuce.

Wannan riƙon hannu shi ne ya kama ni. Duk wanda ya taɓa tsallaka titi da ƙanensa ranar hawan Sallah a Ƙofar Soro, dawakai na zuwa, ya san yadda ake matse ɗan hannun nan. Idan ka bar Hugo shi kaɗai ya daɗe, sai ya firgita ya fara kira, masu gadi su ji. Idan an samu sarari kuma, ya tsinko fure ya maƙala mata a gashi. Sai ɓeraye. Dubbai ne, suna ɓullowa daga ƙasa kamar ruwa ya ɓalle, waɗanda suka ƙirƙiri wasan sun ce har 5,000 kan taru a allo lokaci guda, kuma abu ɗaya suke tsoro, haske. Wuta ce garkuwarka, ita ce kuma makaminka, domin idan ka fasa fitilar da soja ke riƙe da ita, ɓerayen ne za su ƙarasa maka aikin. An yi ƙari, ba shakka. Annobar gaskiya ta hanyar ƙuma da ke jikin ɓeraye ta fi yaɗuwa, ba cinye mutum suke yi da ransa ba. Amma ƙarin ya zauna daidai.

Yadda yaran suka karɓe shi ya ba ni dariya. Waɗanda suka saba da harbe-harbe sun ce wasan mata ne, sai da muka iso wurin da ake tsallake filin yaƙi a kan gawarwaki, ɗakin ya yi tsit. Wurin da ake jan alade zuwa rumbu a bar wa ɓeraye don a samu hanya kuwa, ɗan yayata cewa ya yi, “Kawu, ko da alade ne, wannan zalunci ne,” ya miƙo mini abin bugawa ya ce in yi da kaina. Rabinsu sun tsani Hugo saboda rigima da ƙorafi. Ni kuwa na ce wanda bai taɓa rainon ɗan shekara biyar ba ne kawai zai ce an yi masa ƙage. Inda na yarda da masu suka shi ne ƙarshen. Babi 17 ne, kuma a na kusa da ƙarshe akwai wurin da ake tura amalanke ana laɓewa bayansa maharba na ruwan kibau, sannan faɗa da shugaban kotun cocin, Vitalis, da fararen ɓerayensa. A nan wasan ya bar sanɗa ya koma gwajin saurin yatsa, kuma bai iya wannan ba. Mun mutu ya fi a ƙirga. Duk da haka cikin sa'o'i goma sha biyu ko kusa da haka an gama, kuma yana ajiye maka inda ka tsaya da kansa, a kai a kai.

Wannan ajiya ita ce ma'aunina na farko, kuma Kingdom Come ne ya koya mini. Wasan kamfanin Warhorse ne na birnin Prague, na 2018, labarin Henry ɗan maƙeri a Bohemia, cikin ƙasar Czech ta yau, a shekarar 1403. An yi ƙoƙarin bin tarihi, har karatu sai ka je an koya maka. Amma idan kana son ka ajiye wasa lokacin da ka ga dama, sai ka sha wata barasa da ake saye ko a haɗa, ko ka nemi gado ka kwanta, ko ka ajiye ka fita daga wasan gaba ɗaya. Na yi kusan sa'a biyu ina bin wani sansanin 'yan fashi, wuta ta ɗauke, kafin a tayar da janareta komai ya tafi. An yi shi ne don ƙasar da ba a ɗauke wuta. Mai sola da batura ya gwada.

Ghost of Tsushima kyakkyawa ne, mamayar Mongol a tsibirin Japan a 1274, sai dai wasan takobi ne da aka yafa wa sanɗa, da zarar ka ƙware ba ka da dalilin laɓewa. Mirage na 2023 shi ne kaɗai ya sa na yi jinkiri, don Bagadaza ce ta zamanin Abbasiyawa a ƙarni na 9, da Baitul Hikma, da kiran salla na tashi kana bisa rufin soro, kuma ana iya juya muryoyin duka zuwa Larabci. Yana kan PS4. Birnin ya fi labarin daɗi, bayan mako guda na manta dalilin da ya sa Basim, jarumin wasan, ke kashe mutanen.

To, yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutun nan. Innocence yana da ci gaba, A Plague Tale: Requiem, wanda ya fito a Oktoban 2022. A PS5 yake, da Xbox Series X da S, da kwamfuta, sai Switch ta hanyar intanet. Babu shi a PS4. Ba a taɓa yin sa ba. Na san haka ne bayan na biya. Da muka gama na farko yaran suka dame ni, na ga wani yana talla a wani zauren WhatsApp, da hoton kwali mai shuɗin kai na PS4 da sunan wasan raɗau. “Yallaɓai, saura guda ɗaya, daga Dubai aka kawo.” Na tura kuɗi, ya ba direba daga Kano, na je tasha na karɓa. Takardar kwalin bugun shagon hoto ce, launin har ya fara zuba, faifan kuma na'urar ta ce ba ta san shi ba. Na kira, ya ce in goge shi da auduga. Washegari lambar ta daina shiga.

Saboda haka ka riƙe waɗannan. PS4 ba ta karanta faifan da aka kwafa, duk wanda ya ce maka “kwafi ne amma yana yi” ƙarya yake. Faifan PS4 na gaskiya yana ɗauke da lamba mai farawa da CUSA, na PS5 kuma PPSA, kuma faifan PS5 ba ya aiki a PS4 ko an yi masa addu'a. Idan na hannu ne, kada ka tsaya a ganin hoton wasan ya fito a allo. Faifai mai karce yakan fara shiga lafiya ya tsaya a tsakiya, don haka ka zauna a shagon har ya gama shiga, ka buga babin farko, ka ga mutuwar karen su Amicia, sannan ka ciro kuɗi. Mai shagon da ya ce yana sauri, kai ma ka yi sauri ka fita.

Cutar da ta fi yawa yanzu ma ba ta faifai ba ce, ta asusu ce. Najeriya ba ta da nata shagon PlayStation, shi ya sa kowa ke buɗe asusun Amurka ko na Ingila, kuma a nan 'yan damfara suka samu ƙofa. Mutum zai sayi wasa sau ɗaya, ya sayar wa mutum biyar da kalmar sirrin asusun a kan rabin kuɗi. Ka ƙona data ka sauke, ka yi mako biyu kana bugawa, ranar nan ka kunna ka ga ɗan kwaɗo a kan hoton wasan. Ya cire na'urarka daga can, ya canza kalmar sirri, ya sayar wa na shida. Wani abokina malamin makaranta haka aka yi masa da Mirage, saura kaɗan ya gama. Idan ta intanet za ka saya, ka sayi katin kuɗi na ƙasar da asusunka yake, ka saka da hannunka, ka saya da kanka. Katin Ingila ba ya shiga asusun Amurka, wannan ma an sha cin mutane da shi.

Sai masu cewa kawo na'urar a “buɗe” ta a zuba maka wasa talatin. Tana yi, amma ka yi sallama da buga ƙwallo da abokai ta intanet, kuma ranar da ƙaramin yaro ya danna sabunta manhaja, duk talatin ɗin sun rufe.

Abu na ƙarshe da masu sayarwa ba sa faɗa: a kwalin Innocence na Turai an rubuta 18, na Amurka kuma harafin M. Ganin yara biyu a hoton kwalin ya sa wani maƙwabcina ya saya wa ɗansa na firamare, ya ɗauka irin wasan katun ne. Akwai ƙona mutane a dandali, akwai ramukan gawa. Yanzu faifan yana wurina, shi ne na biyu, kuma na ce masa idan yaron ya gama sakandare ya aiko shi ya karɓa.