Babur ya daɗe a ajiye, fetur na ɗiga: me ya kamata ka saya?

Babur ɗin da ya shekara a zaure, ranar da aka zuba masa mai aka buɗe makunnin tanki, sau da yawa sai a ga ƙasa ta jiƙe. Kafin ka sa hannu a aljihu, tabbatar da abin da ke zuba. Wanke injin da kananzir, ka bari ya bushe, ka barbaɗa masa hoda, sannan ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinsa ya kwana. Baƙin mai tabo yake bari mai maiƙo, galibi daga sil ɗin sandar giya ko na bayan ƙaramin sifiroket. Fetur kuwa warinsa ke tona shi, tabonsa kuma bushewa yake yi. Idan ta siririn tiyon nan na ƙasan kafireta yake fitowa, allurar fulot, wadda ke tsayar da mai idan kwanon kafireta ya cika, ita ce ba ta rufewa: ko dai tsohon fetur ya ƙafe ya bar danƙo, ko tsatsar tanki ta maƙale a mazauninta.

A shago abu uku za a miƙo maka: kayan gyaran kafiretar da ke jiki, sabuwa ta kwali, ko ta kwance, wato wadda aka ciro daga wani babur.

In dai ta kamfani ce a jikin babur ɗin, Keihin a Honda ko Mikuni a Suzuki da Yamaha, kada ka yarda a cire ta. Gangar jikinta ba ta cika lalacewa don zama ba, roba ce ke mutuwa. Abin da za ka saya kaɗan ne: allurar fulot, fakin kwanon ƙasa (robar da ke hana shi yoyo), tiyon mai, da ƙaramin matacin fetur da za a sa a tsakiyar tiyon. Kwance kwanon, zare fil ɗin fulot, wato abin da ke yawo a saman mai a cikin kwanon, ka duba robar da ke bakin allurar. In ka ga zobe ya fito a jikin robar, ta gama aiki. Kaɗa fulot ɗin kusa da kunne. In ka ji motsin ruwa a ciki, ya huje, shi ma a sauya. Mazaunin allurar a goge shi da audugar kunne da ɗan man goge baki har ya yi ƙyalli, a wanke tas. Kada a zura waya a cikin jet, ɗan ƙarfen nan mai siririn rami da ke auna man da ke shiga inji, faɗaɗa ramin take yi, babur ya koma shan mai. Amfanin wannan hanya shi ne jet ɗin da kamfani ya auna wa injinka suna nan daram, ba sai an sake lalube ba.

Sabuwa ta kwali, irin su PZ26 ta CG125 ko PZ19 ta ƙananan babura, sai in jikin tsohuwar ya tsage. Ta kwance kuwa ita ma zaman ta yi, ciwonsu ɗaya da taka.

Inda ake cutar mutane shi ne wajen jabu. Sunan Keihin a jikin kafireta ba shaida ba ne, ana buga shi a kan ta bogi. Duba cikin maƙogwaronta: ta gaske sumul take, jabu kuwa za ka ga kaushi da ɓurɓushin ƙarfe. Allura ma akwai jabu. Danna ɗan tsinken da ke gindinta da farce, dole ya dawo da kansa ba tare da sarƙewa ba. Ka tafi da tsohuwar ka jera su, domin bambancin milimita 1 a tsawo ya isa ya sauya tsayin mai a kwano. In kana shakkar fakin roba, jiƙa shi a fetur ya kwana. Wanda ya kumbura bai da amfani. Farin tiyo mai garai-garai da ake yanka maka da arha, bayan ɗan lokaci ƙandarewa yake ya tsage a bakin makunni, daidai saman inji mai zafi. Nemi baƙin tiyo na fetur, ka ɗaure bakinsa biyu. Duk bakaniken da ya ɗauko gam ɗin silikon zai shafa a kwanon kafireta, dakatar da shi: fetur na jiƙa shi, ya ɓare ya toshe jet.

Kafin ka buga kik, zaro ma'aunin baƙin mai ka sunsuna. In yana warin fetur ko ya haura layi, fetur ya gangara cikin injin. Juye shi, ka zuba sabon 20W-50, kusan lita 1 a CG125, daga galan mai hatimi da aka buɗe a gabanka.